Sojan da Baba Ya Ɗaga

Shekarun baya, tun gemuna bai fara haɗa fari da baƙi ba, na taɓa cin wasan ces, darar Turawa, a motsi bakwai a gaban mutane. Da yawa cikin masu bibiyata a nan sun san ina son wasan nan, wasu har sukan tambaye ni me ya sa ba na shiga gasa. Nakan ce aiki ne ya yi mini yawa. Ba aiki ba ne, wancan wasan ne.

Wanda ya koya mini ces aminin mahaifina ne, Baba muke ce masa. Tsohon malamin lissafi ne, gidansa na Ƙofar Jatau, lungu biyu tsakaninsa da namu. Bayan rasuwar mahaifina na riƙa zuwa gaishe shi bayan la'asar, kamar yadda mahaifiyata ta umarce ni. Da farko gaisuwar minti biyar ce. Wata rana na tarar da shi a zaure shi kaɗai, allo a gabansa, yana wasa da kansa, sai ya ce in zauna in riƙe masa baƙaƙe. Zaman da ya kai mu shekara goma sha ɗaya ke nan.

A wurin wani malaminsu Balarabe ya koya tun yana kwaleji, shi ya sa a zaurensa ba a cewa bishof, sai giwa. Sauran kuwa sarki da sarauniya da doki da soro, sai ƙananan da ke jere a gaba, su ne sojoji. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa sun watse garuruwa in ban da mace ɗaya da ke aure nan cikin birni, ga gwiwa da ta hana shi yawo. Allon nan na bayan la'asar shi ne abin da yake jira tun safe. Mutane sukan taru, akwai wani tela maƙwabcinsa, akwai wani mai sayar da hatsi, akwai dattawa biyu da ke jiran magariba. Babu wanda ya iya wasan a cikinsu. Bakin Baba suke zuwa saurare.

Don Baba ba ya wasa shiru. In ka bar masa wani abu a sake, ba zai ci kai tsaye ba. Sai ya ɗauki abin, ya kawo shi kusa da tabarau, ya jujjuya shi, ya ce, "Kai kuma wa ya aiko ka? Kyauta ce ko tarko?" Sannan ya kara shi a kunne kamar mai sauraron amsa, ya mayar da shi gidansa, ya dube ni ya ce, "Ya tona maka asiri." Zaure ya kwashe da dariya. Kullum sai ya yi, kuma kullum sai an yi dariyar kamar yau aka fara ji. In kuwa ni ne na yi ɓarna, sai ya kau da kai ya ce, "Mai da, mai da, ban gani ba."

Wannan "mai da" ita ce ta daɗe tana cina a rai. Duk ranar da Allah ya ba ni sa'a na ci Baba, telan nan sai ya tambaya, ko kallona ba ya yi, "Bayan mai da nawa?" Ni kuwa a lokacin na fara wasa a waya da mutanen ƙasashen da ban san inda suke ba, ina cin wasu, kaina ya fara girma. A ofis ana ce mini gwani. A zauren Baba har yanzu ni ne yaron da ake mayar wa.

Ana nan sai wata ƙungiyar matasa ta shirya gasar masu sha'awa, a wata makarantar firamare wajen Ƙofar Kibo, Asabar da Lahadi, zagaye biyar. Mutum biyun farko za su wakilci gari a Kaduna. Ni na matsa wa Baba ya shiga. Ya ce shi ina shi ina gasa, shekara arba'in rabonsa da wasan da ake ƙayyade wa lokaci da agogo. Na yi ta yi, na sa tela ya taya ni, har ya yarda. Ranar Asabar ya fito da babbar riga fara sol da hula sabuwa, kai ka ce ɗaurin aure za shi.

A cikin Napep na yi masa bayanin dokar da na san za ta ba shi wahala. Na ce, "Baba, a can ba a taɓawa. In ka taɓa naka sai ka motsa shi, in ka taɓa na abokin wasa sai ka ci shi, in dai yana ciwuwa." Ya ce, "Na ji. Ai da baƙo ba na wasa da hannu." Haka kuwa aka yi. Zagaye huɗu ya yi zaune ƙiƙam kamar mai jiran likita, bai ce wa kowa uffan ba, ya ci uku, ɗaya ya kuɓuce masa wurin wani ɗalibin jami'a da ya gagari kowa. Ni ma uku na ci, ɗalibin nan ya gama da ni. Da aka liƙa haɗin zagaye na ƙarshe a jikin ƙofa kafin magariba, sai ga sunana a gaban na Baba. Shi ke da farare. Duk wanda ya ci shi zai bi ɗalibin zuwa Kaduna.

Baba ya yi dariya ya ce, "Ashe wahalar banza muka sha, da sai mu yi a gida." Ya ƙara da cewa ko ya ci ni ba inda za shi, ina zai kai gwiwar nan. Ni kuwa ba Kaduna ce a raina ba, yanzu zan iya faɗa. So nake in ci shi a wurin da babu mai cewa mai da, tela yana tsaye yana gani.

Baba in yana da farare, buɗi ɗaya yake yi tun da na san shi. Sojan gaban sarki gida biyu, sannan doki, sannan giwa. Masu littafi suna ce masa buɗin Italiya, shi kuwa cewa yake hanyar gida. Akwai wani tarko da na gani a waya watanni kafin nan, wanda aka yi domin wannan buɗin. A motsi na uku sai ka janye dokin da ke gadin sojanka na tsakiya, ka bar sojan a sake kamar ka manta. In mai farare ya yi kwaɗayi ya ci, ya faɗa rami. Ban taɓa gwada shi a zaure ba, don na san Baba ba zai ci ba. Zai ɗauki sojan ne ya tambaye shi wa ya aiko shi, ya mayar.

A nan tunanin ya zo mini. Ina tafe gida bayan na raka shi ƙofa, kuma na san daidai inda nake, gaban wani shagon niƙa. Zai ɗauka, ya mayar. A zaure wasa ne, a gasa kuwa wanda ya ɗauka sai ya ci. Na gaya wa kaina ai na riga na yi masa gargaɗi, kuma zagaye huɗu bai taɓa komai ba. Amma na san dalilin da ya sa bai taɓa ba. Da waɗanda bai sani ba yake wasa. Gobe kuwa da ni zai zauna.

Lahadi da hantsi aka zaunar da mu a wani aji, a kan bencin yara, gwiwar Baba ta ƙi shiga ƙarƙashin tebur sai da aka samo masa kujera daga ofishin hedimasta. Tela ya zo, mai hatsi ya rufe shago ya zo, suna tsaye bakin taga tare da wasu. Alƙalin wasan wani matashi ne, ashe Baba ya koyar da shi a sakandare, sai da ya durƙusa ya gaishe shi kafin ya ce a tayar da agogo. Tun daga zaman Baba na gane yau ya saki jiki. Ya naɗe hannun rigarsa a kafaɗa, ya gyara tabarau, ya yi mini murmushin da yake yi mini a gida.

Ya tura sojan gaban sarki, na tura nawa suka yi karo. Ya fito da doki ya auna sojana, na fito da nawa na tsare shi. Ya fito da giwa. A nan kullum nakan fito da tawa giwar. Maimakon haka sai na ɗauki dokin da ke gadi na tsallaka da shi tsakiyar allo, na danna agogo. Sojana ya zauna shi kaɗai, babu mai tsaronsa.

Baba ya ɗaga gira. Ya sa yatsu biyu ya ɗauki sojan, ya kawo shi kusa da tabarau, ya rage murya saboda sauran masu wasa, ya ce, "Kai kuma wa ya aiko ka?" Ya kara a kunne. Na ji tela ya ƙyalƙyale a bakin taga. Baba ya mayar da sojan gidansa, ya ce, "Ya ce tarko ne." Ya miƙa hannu zai yi wani motsin dabam.

Na tsayar da agogo, na ɗaga hannu.

Alƙalin ya taho da sauri yana tambayar lafiya. Na ce, da muryar da ban san tawa ba ce, "Ya taɓa sojana, kuma yana ciwuwa." Matashin nan ya dube ni, ya dubi Baba, ya sake dubana. Shi bai gani ba, yana can wani teburin. Ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Yaya, ka tabbata kana son a bi wannan?" Ya buɗe mini ƙofa ke nan, da na ce a bar shi da an bar shi. Na ce, "Doka ce ai." Sai ya durƙusa gefen kujerar Baba, ya ce, "Malam, ko gyara shi ka yi?" Wata ƙofar ke nan, wannan karon ga Baba. Baba ya ce, "A'a, ba gyara na yi ba. Na ɗauka." Ya sa dokinsa ya ci sojan, ya ajiye shi a gefen allo a hankali, ya danna agogo.

Na fito da sarauniya yadda aka nuna a waya. Baba ya daɗe yana kallon allo, ya kai minti goma. Ya sauke hannun rigarsa daga kafaɗa. Can ya ɗago ya ce, "Kai ka tsara wannan?" Na ce a waya na gani. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, mu gan shi har ƙarshe."

Daga nan bai ƙara tunani ba. Dokinsa ya ci wani sojan kusa da sarkina, ya auna sarauniya da soro lokaci guda, abin da mai kallo zai ɗauka ni ne a cikin wahala. Sarauniyata ta ci sojan da ke kusa da soronsa, ya matso da soron jikin sarki. Na ci sojan tsakiya na auna sarki, ya dawo da giwa ya tare. Sai dokina ya yi tsalle ɗaya. Sarkinsa na tsaye, nasa sun kewaye shi ta ko'ina, babu gidan da zai shiga. Motsi bakwai. A wasu teburan ko rabin jerin baya ba a fitar ba.

Daga baya na gano cewa a wurin da ya yi dogon tunanin nan akwai mafita, in ya sadaukar da giwa wasa zai ci gaba, har yana iya wahalar da ni. Mutumin da yake hango mini motsi biyar a gaba ba zai kasa ganin wannan cikin minti goma ba. Ya gani, ya ƙi bi.

Ya sa hannu a takarda, ya ba ni hannu ya ce, "Allah ya sa albarka." Ya ɗauki sandarsa. Na miƙe zan raka shi, sai matasa suka yanyame ni, kowa na cewa in sake nuna masa yadda aka yi. Na zauna na nuna. Sau uku na jera allon na maimaita, ina bayani, ina jin daɗin yadda suke kaɗa kai. Kafin in fito Baba ya tafi. Mai hatsi ya ce sun tare masa Napep ya ƙi shiga, ya ce ƙafarsa na son motsi. Tela yana tsaye a gefe. Shekaru ina jiran ranar da zai rasa abin faɗa, ranar ta zo, sai ya juya ya bi bayan Baba.

Labari ya riga ni isa gida. Mahaifiyata na tsintar wake a tsakar gida, ba ta ɗago ba ta ce, "An ce ka kai ƙarar Malam wurin yaron da ya koyar." Na zauna na fara yi mata bayanin doka, da yadda ake yi a duk duniya, da cewa na faɗa masa tun a hanya. Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta ce, "Ranar da mahaifinka ya rasu, dokar ce ta wanke shi ko Malam?" Ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki.

Kaduna kuwa na je. Wasa shida na yi, na ci ɗaya, shi ma don abokin wasan bai zo ba. Na gwada tarkon nawa a kan wata yarinya 'yar sakandare, ta kalli sojan, ta kalle ni, ta yi abinta ta bar shi nan, ta gama da ni kafin azahar. Na dawo da takardar shaidar halarta, ban ma san inda take ba yanzu.

Sai da na yi mako guda kafin na iya taka zauren. Na yi zaton zai yi mini faɗa, har na shirya amsoshi. Bai yi ba. Ya amsa gaisuwata da sakin fuska, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi Kaduna, ya jawo allo ya jera. Muka fara. Ya yi motsinsa, ya mayar da hannuwansa cikin riga. Na yi nawa, ya fito da hannu ɗaya ya motsa, ya sake mayarwa. Da gangan na bar masa doki a sake, ina jira. Ya dube shi, ya ci, ya ajiye a gefe, bai tambaye shi komai ba. Na ce, "Baba, nan gida ne fa, ka taɓa abinka." Ya ce, "A'a, gara mu saba da doka." Babu gatse a muryarsa, da ma akwai da ya fi mini sauƙi.

Haka wasanmu ya koma. Babu tambayar soja, babu mai da. In na yi ɓarna ya ci, in ya yi na ci, mu jera wani. Dattawan nan biyu suka koma jiran magariba a ƙofar masallaci. Mai hatsi ya ce kasuwa ta hana shi. Tela yakan leƙo ya gaida Baba ya wuce. Zauren da a da sai ka nemi wurin ajiye takalmi ya rage mu biyu, ba ka jin komai sai ƙarar katako a kan allo. Ni ma na fara janyewa, don shirun ya fi ƙarfina. Daga kullum ya koma Juma'a Juma'a, daga nan ya koma in na samu hali. Wani lokacin in na wuce nakan hango shi ta ƙofa, allon a jere a gabansa, yana zaune kawai.

Kusan shekara biyu muna haka, sai ciwo ya kwantar da shi. 'Yarsa ta dawo gidan tana jinya. Wata Juma'a bayan an sauko na je duba shi, na same shi a kan katifa a ɗakinsa, ya rame har tabaran sun yi masa yawa. Na durƙusa na ce na zo neman gafara ne a kan abin da ya faru a gasar nan. Ya ce, "Wace gafara? Doka ka bi." Na ce ba haka ba ne. Na ce, "Baba, na san za ka ɗauka. Don haka na ajiye shi. Tun ranar Asabar na shirya." Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai a ranar, kuma na ɗauka zai girgiza.

Ya kalli rufi. Ya ce, "Na sani tun a wurin. Da ka janye dokin nan ba allo ka kalla ba, hannuna kake kallo."

Ya ce ya yafe mini, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya ce in gaida mahaifiyata. 'Yarsa ta shigo da kunu na tashi na ba su wuri. Bai ƙara kwana ashirin ba.

Ba na so wani ya karanta wannan ya ce dokar ce ba ta da kyau. Dokar daidai take, ko'ina haka ake yi, kuma alƙalin nan bai zalunci kowa ba. Abin da na yi amfani da shi ba ya cikin littafin doka. Mutum ya zauna da ni shekara goma sha ɗaya har ya daina tsarona, ni kuma na ɗauki wannan na haƙa masa rami da shi, saboda tela ya daina tsokanata. In na tuna nakan ji kunya har yanzu, irin wadda take sa mutum ya yi magana shi kaɗai a hanya.

Ina wasa a waya jefi-jefi, kuma in wani ya buɗe mini da soja da doki da giwa, nakan fito da giwata in bi hanya kamar kowa. Yafiya kam ya yafe, na ji da kunnena, ina kuma fata Allah ya karɓa. Amma shekara biyun ƙarshe na rayuwarsa ya yi su ne a zaurensa babu mai dariya, hannuwansa a cikin riga, a gaban yaron da ya taso a hannunsa. Waɗannan ba ni da inda zan je in mayar masa da su.